Ranar da Aka Cike Ta-Ci-Jaki

"Taka burki, Ɗanmaraya! Taka! Ina ƙorama ta tahi?"

Sofer ya taka burki, motar kat-kat ɗin ta yi turjiya ta tsaya. Onorabul Isaka, depite, wato ɗan majalisa, daga yankin Buza, bai jira ta gama tsayawa ba ya diro da hula a hannu. Ga tsohon gawo nan inda ya san shi tun yana yaro. Ga rufin lakwal, makarantar Gidan Takawa, can a hayi yana ƙyalli. Amma mashigar Ta-Ci-Jaki, ramin nan mai zurfin wuyan ƙato wanda ke raba garin da duniya duk damina, babu shi. A wurinsa wata hanya ce shimfiɗe, an daɓe ta kamar tsakar ɗakin amarya. Dama da hagu an kakkafa sababbin zana, yadda wanda ke cikin mota ba zai ma san ya ƙetare ƙorama ba.

Ɗanmaraya, wanda bayan tuƙi kuma taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa Saude, ya leƙo ta taga yana dariya.

"To, patron, barka! Shekara huɗu kana ihun gada a Yamai, ga ta nan mutane sun yi maka da hauya."

"Wa ya sa su?"

"Kai mana. Ba kai ka aiko a ce manyan baƙi na tahe ba?"

Isaka ya dafe kai. Ƙarfe tara saura. Ƙarfe goma sha ɗaya injiniyar ma'aikatar hanyoyi za ta iso. Wurare tara za ta duba tsakanin Madawa, Buza da Keita, uku kaɗai za a yi wa gada bana. Shi kuwa wannan ce shekararsa ta ƙarshe a Asambile, majalisar ƙasa.

Kafin ya zama Onorabul, Mushe Isaka ne, yadda ake kiran malamin makaranta. Shekara goma sha huɗu yana karantarwa a wancan lakwal ɗin. Wata damina, ranar jarrabawar satifika, Ta-Ci-Jaki ta kawo ruwa, shi ya ƙetarar da 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya a wuyansa, wandonsa ɗaure a ka. Garin bai manta ba. Da zaɓe ya zo, tsofaffi suka same shi har gida suka ce shi za su tura. Bai yi musu alkawarin lantarki ko gudron, hanyar kwalta, ba, gada kawai ya ce. A Yamai har suna aka sa masa, Depite Gada, don ko maganar kamun kifi ake yi a zauren majalisa, in aka ba shi minti uku, a na biyun ya iso bakin Ta-Ci-Jaki. Dosiye, takardun neman gadar, ya kai ya fi sau goma. Takalmi biyu ya kashe a matattakalar ma'aikatar. Sai bana aka ce to, za a zo a gani da ido.

Ga abin da za a gani.

Ya tarar da Maigari Bawa a ƙofar gida cikin babbar rigar Salla, ana jera kujeru a rumfa. Isaka ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, mi kunka yi wa ƙorama?"

Fuskar tsohon ta washe. "Ka gani ko? Kwana huɗu muna gayya, Isaka. Har mutanen unguwar Buzaye sun kawo raƙuma sun ja dutse. Mata sunka kai ƙasa da kwando. Ko a Tawa ba ka samun daɓe irin wanga."

"Baba, ramin za su zo gani. Ramin! In ba su ga rami ba, ba gada."

"Baƙo shi taho tun daga Yamai, mu bari shi faɗa rami a ƙofar garinmu? Da wane ido za mu dube shi?"

"To a tone. Yanzu. A ba ni maza talatin da shebur."

Wani da ke shimfiɗa tabarma ya tsaya da ita a hannu. Daga zaure sai ga Gwaggo Saude, hannunta duk garin gero, ita ce shugabar matan da ke girkin baƙi.

"Isaka, in ji dai Yamai ba ta taɓa maka kai ba? Bayana har yau bai miƙe ba don kwandon ƙasa, ka ce a tone? Taɓa daɓen nan ka gani in ban bi ka da muciya har Asambile ba."

"Gwaggo, ku fahimta..."

"Mu munka yi maka wanka kana tsirara. Je ka sa hularka daidai, ta karkace."

Ya gyara hular. Ba a tone ba.

Ƙarfe sha ɗaya daidai motar misiyon, tawagar ma'aikatar, ta bi ta kan daɓen sumul, ko kofin ruwa aka aza bisa kanta ba zai zube ba. Wadda ta fito mace ce doguwa, da tabarau da takalmin aiki a ƙarƙashin zane. Madam Balkisu, injiniyar. Bayan gaisuwa ta koma da ƙafa ta ɗaga zana ɗaya ta leƙa, ta ga busasshen rairayi, ta buga dunduniya a daɓen.

"Onorabul, rapor ɗin da kuka rubuto ya ce mota ba ta wucewa. Ga shi na wuce ban ko farka daga gyangyaɗi ba."

"Madam, shekaranjiya aka gama shi. Ƙasa ce da dutse da karan gero. Duba hotunan bara." Ya miƙa mata telefon.

Ta duba biyu ta mayar masa. "Kowane depite na da hoto. Makon jiya mutum biyu suka nuna mini hoto guda, kowa ya ce garinsu ne. Ni mutane nake tambaya."

A rumfa ta buɗe littafinta ta fuskanci maigari.

"Baba, in damina ta kankama, yaya kuke da ƙoramar nan?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Alhamdu lillahi."

"Ba ta tsare ku?"

"Kai, ɗan kaɗan dai. Ba abin da za a faɗa."

Isaka ya kafa wa gwaggonsa ido yana roƙo. Ita ce wadda bara albasarta rudu biyu, wato rumbu biyu cike, ta ruɓe, saboda kaminyo, babbar motar kaya, ya kasa shigowa sati shida. Tun daga nan duk ganin da za ta yi masa sai ta yi masa gori a kai.

Madam ta juya. "Inna, ke fa? Kayan gonarku na fita kasuwar Buza?"

"Sai godiya, ɗiyata. Mun ƙoshi, mun yi kyauta. Ci nama, ba ki ci komi ba."

Mutum shida ta tambaya, shida suka ce lafiya lau. Ba ƙarya suka shirya ba, Isaka ya sani. A Gidan Takawa ba a tarbar baƙo da kuka. Ko gidanka na cin wuta, in baƙo ya ce ina gajiya, ka ce babu.

Madam Balkisu ta rufe littafin. "Garinku ya burge ni, Onorabul. Mutanen da ke iya wannan aiki da hannunsu za su iya jira. Akwai inda ba su da ko wannan. Ƙarfe ɗaya zan tashi, ina da wuri biyu kafin Madawa."

Isaka ya zagaya bayan rumfa don kada a ga fuskarsa. Ɗanmaraya na can yana gwaguyar ƙashi.

"Kada ka damu, patron. In an kada ka a zaɓe, ina da aboki mai neman karen mota."

Idon Isaka ya tsaya arewa. Nan rana ce tsaf, amma can bisa duwatsun wajen Garhanga sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya zaro telefon ya kira Mahamud, abokinsa tun makarantar horon malamai, wanda har yanzu ke karantarwa a can.

"Mahamud, mi ake ciki wajenku?"

"Ɗaga murya! Ba ni jin ka don rufin kwano! Tun ɗazu ake zuba shi kamar da tulu!"

Isaka ya kashe ya dubi agogo. Sha biyu da rabi. Shekara goma sha huɗu yana sallamar yaran ƙetare da wannan lissafi: in an yi ruwa a duwatsun can, awa uku da ɗan abin da ya ɗora yake yi kafin ya iso Ta-Ci-Jaki. Wajen la'asar ke nan. Madam kuwa ƙarfe ɗaya.

"Ɗanmaraya, aje ƙashin nan. Je ka bakin ƙorama. Daga ƙarfe uku ko akuya kada ta hau daɓen nan, daga nan ko daga can. Ka aika a gaya wa masu kiwo su hito daga cikin rairayi."

Taubashin ya dubi arewa, ya dubi Isaka, ya aje ƙashin a hankali. "Kai, Mushe! Ashe da sauran kai cikin hular."

Isaka ya nufi madafa. Ya sami gwaggonsa tana kwashe tuwo, ya tsaya gefenta ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Mi kuma?"

"Babu komi, Gwaggo. Tausayi dai nike ji. Baƙuwa za ta koma Yamai ta ce tuwon gidan maigari kaɗai ta ci. Za a ce unguwarku ta Yamma ba ta iya dama fura ba."

Muciya ta tsaya. "Wa zai ce?"

"Mutane. Kin san bakin matan unguwar Gabas."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya bi ta unguwar Gabas ya yi irin wannan ajiyar zuciya a ƙofar shugabar matansu. Daga nan ya gangara unguwar Buzaye, ya gaida tsoho Abdulƙadir, ya ce ai abin kunya ne a ce raƙumansu sun ja dutse amma baƙuwa ba ta ɗanɗani shayinsu ba.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar Madam Balkisu ta miƙe ta rataya jaka. Sai ga Gwaggo Saude da mata goma sha biyu a bayanta.

"Ɗiyata, taki goma ne zuwa gidana. Kurɓa ɗaya ki wuce."

Takin ya fi ɗari huɗu. Kurɓar kuwa ƙwarya ce guda, ga nono mai kauri, ga tsofaffi bakwai da kowace sai an durƙusa an gaishe ta an tambayi jikokinta. Suna fitowa matan Gabas suka tare hanya da dambun zogale, suka ce in ta ci na Yamma ta ƙi nasu, to ta raba gari biyu. Aka yi azahar. Bayan salla liman ya ce ba a sallami baƙo babu addu'a ba, Isaka ya matsa kusa ya raɗa masa cewa a sa har da iyayenta da kakanninta da ma'aikatar baki ɗaya. Liman bai rage kowa ba.

Biyu da rabi ta wuce lokacin da suka zauna bisa tabarmar Abdulƙadir. Madam ta dubi agogo.

"Baba, kofi ɗaya, don Allah."

Tsohon ya gyara rawani ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Ɗaya? Ɗaya na maƙiyi ne. Uku ake sha."

Ya fara hura gawayi. Gawayin ya mutu. Isaka ya karɓi mafici ya ce bari ya taimaka, gawayin ya sake mutuwa. Madam ta dube shi ta saman tabarau, bai yarda sun haɗa ido ba. Aka sha na fari, mai ɗaci. Abdulƙadir ya ɗaga buta sama yana tsiyaya, ya mayar, ya tsiyaya, ya mayar, sai kumfa ta yi yadda yake so. Aka sha na biyu. Isaka ya jawo hirar wani raƙumi da ya ɓata shekara ashirin da suka wuce, tsohon ya ɗauko ta tun daga haihuwar uwar raƙumin.

Huɗu saura kwata ta aje kofi na uku ta miƙe.

"Onorabul, na gode. Ko gwamna ya dama mini fura yanzu ba ni sha. Sofer, ta da mota."

Isaka ya bi bayanta. Ya kasa kunne arewa, shiru. Ko ruwan ya bi wata hanya? Ko lissafin Mushe ya tsufa? Gari duka ya fito rakiya, mata na guɗa. Motar ta gangara har ta kusa gawo, sai ga Ɗanmaraya tsaye tsakiyar hanya, hannuwa a buɗe.

"Kauce, malam!" in ji sofer ɗin misiyon.

"Kashe mota ka saurara, abokina."

Aka kashe. Da farko kamar kaminyo ne can nesa. Sai ƙarar ta yi kauri, ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafa. Tsofaffi suka ja yara baya ba wanda ya ce musu. Madam Balkisu ta fito ta dubi sama, rana tsaf, ko ɗigo babu.

Sai ga shi ya karyo kwana. Jan ruwa, tsayin ƙirjin mutum, yana turo itace da kara da wata tsohuwar taya a gaba. Ya daki daɓen. Zanan dama suka tashi gaba ɗaya kamar an kira su. Daɓen ya yi ta maza na ɗan lokaci, har maigari ya fara gyaɗa kai, sai tsakiyarsa ta buɗe. Kafin a gama salati, aikin kwana huɗu ya kama hanyar kudu.

Can Gwaggo Saude ta ce, "Kwanduna arba'in na kai."

Wani ya tuntsire da dariya, sai gari duka ya ɗauka, har maigari yana share ido da hannun riga.

Madam Balkisu ba ta yi dariya ba. Ta koma mota ta ɗauko littafi da igiyar awo, ta naɗe zane ta bi gaɓa tana ɗaukar hoto, tana auna faɗi, tana jefa kara a ruwa tana duban agogo. Da ta gama ta dawo ta tsaya gaban Isaka.

"Kwana nawa kafin mota ta wuce?"

"In ba a ƙara ruwa ba, gobe da safe wannan zai janye. Amma mota sai an sare gaɓa an yi mata hanya. Kwana uku, huɗu."

"Ni fa?"

"Raƙumin Abdulƙadir na nan. Gobe."

Ta cire tabarau tana gogewa. "Gawayin nan, Onorabul. Sau biyu ya mutu a hannunku."

"Gawayin bana ba shi da kyau, Madam."

"Da na hau daɓen nan fa lokacin da ruwan ya iso?"

"Shi ya sa na aje wancan mummunan a hanya tun ƙarfe uku."

"Na ji ka," in ji Ɗanmaraya daga gindin gawo.

Sai a lokacin ta yi murmushi. Ta juya wajen Gwaggo Saude.

"Inna, ɗazu kin ce mini lafiya lau."

"Ɗazu baƙuwa ce ke. Yanzu kin ci na Yamma, kin ci na Gabas, ga shi ɗakina za ki kwana. Ɗiyar gida ce ke. Buɗe littahin."

Ta kama hannunta ta zaunar da ita bisa saiwar gawo. Ta fara da albasa rudu biyu. Wata ta karɓa da yadda aka ƙetarar da ita a kan gado tana naƙuda, ta haihu a wancan hayin, shi ya sa ake kiran yaron Ɗan-Ƙetare. Abdulƙadir ya kawo jakin da ƙoramar ta samo sunanta daga gare shi, wanda ashe na kakansa ne. Maigari da kansa ya ce gaskiya malaman lakwal uku suka gudu saboda ita. Madam ta cika shafi tara, biron ya ƙare, Isaka ya miƙa mata nasa da hannu biyu.

"Ba ni ke sa hannu na ƙarshe ba," ta ce da shi da ta rufe. "Amma cikin wurare shida da na gani, wannan ne na ɗaya, kuma ban ga yadda ukun da suka rage za su ture shi duka ba. Wani abu kuma: garin da ya tara dutse haka cikin kwana huɗu, zan rubuta cewa zai iya kawo dutsen aikin da kansa. Wannan na ƙara nauyin dosiye."

Maigari ya juyo yana gyara riga. "Ka ji ko, Isaka? Gayyarmu ta kawo gada. Kai kuwa ka ce a tone."

"Na yi kuskure, ranka shi daɗe."

"Yaro dai yaro ne," in ji Gwaggo Saude, "ko an kai shi Asambile."

Washegari da hantsi ruwan ya sauka zuwa gwiwa. Aka ɗora Madam Balkisu bisa raƙumi, jakarta a ƙirji, tana kiran sunan Allah duk takin da ya yi, har ta kai hayin da motar perfe, shugaban yankin, ke jiran ta. Isaka ya rako ta da ƙafa, wando naɗe, takalmi a hannu, kamar zamanin yana Mushe. Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta ɓace. Rabon da ya ji ƙirjinsa sakayau haka tun ranar da aka rantsar da shi.

Yana shirin juyawa sai ga babur ya taho a guje, ya tsaya gabansa. Isaka bai taɓa ganin mutumin da ke kai ba: gajere, rawani ja, ƙafafu duk laka, ga shebur ɗaure a bayan babur.

"Salamu alaikum. Kai ne Depite Gada?"

"Ni ne."

"Alhamdu lillahi. Daga wajen Tabotaki nike, maigarinmu ya aiko ni. Labari ya iso muna tun jiya a telefon. Tun asuba munka fara cike tamu ƙoramar, zana ma an saye." Ya share gumi. "Ya ce in tambaye ka abu biyu. Wace rana za ka kawo matar? Kuma ruwan, kai ka kiran shi, ko mu za mu nemi namu malami?"

Isaka ya dubi shebur ɗin, ya waiwaya ya dubi ƙorama.

"Ka yi tunani a tsanake," in ji mutumin, yana nuna hanya da haɓa. "Amma kada ka daɗe. Na baro wakilan gari biyar a baya, babur ɗina ya hi nasu gudu ne kawai."

Daga tsakiyar ruwa Ɗanmaraya ya ƙwalo, "Patron! In aza gawayi?"